Rosalie Tukuna

A bakin kakata Hajja Hindu na fara jin sunan. Ina 'yar shekara bakwai ko takwas a lokacin, a gidanmu na unguwar Poumpoumré, a Garoua. Duk sanda atishawa ta taso mata, ko za ta ɗaga bokitin ruwa, ko wani ya ɗauko labarin da ta san zai ba ta dariya, sai ta ɗan tsaya cik, ta ce can ƙasa-ƙasa, "Rosalie tukuna." Sannan ta yi atishawarta ta yi hamdala. Mu jikoki muka mai da abin wasa, har tsallake kwata za mu yi sai mun ce "Rosalie tukuna." Ba ta taɓa hana mu ba, ba ta kuma taɓa gaya mana dalili ba.

Na san dai akwai wata Mama Rosalie mai kawo mana kifi banda duk ranar Talata, gajeriya, kakkaura, mai wuya kamar turmi. Amma me ya haɗa mai kifi da atishawar Hajja? Sai da na kai ajin ƙarshe a lise, wato sakandare, Hajja na kwance ciwon da ba ta tashi ba, sannan ta ba ni rabin labarin. Dama ni ce mai littafin gidan. Ni nake rubuta sunayen kakanninmu da suka taso daga Kano da fataucin tufafi, da wa ya haifi wa, da wanda aka binne a ina. Ɗaya rabin kuma a rumfar Mama Rosalie na samo shi bayan rasuwar Hajja, ina zaune a kan juyayyen kwando, tana korar ƙuda tana ba ni.

A kan dutse aka haifi Mama Rosalie, wajen Mokolo, inda ake shuka dawa a 'yan filayen da aka tokare da duwatsu hawa-hawa. Takardar baftismarta ta ce 1957, amma ita ta ce fadan coci ne ya duba haƙoranta ya rubuta abin da ya ga dama. Tun ba ta kai tulu tsawo ba take hawa da shi daga gindin dutse zuwa gida. Da ta auri Théodore suka sauko Garoua, shi yana dako a ma'aikatar auduga, ita tana suyar fanke da dama kunu a ƙofar wata makaranta. Hausa a kasuwa ta koye ta, Fulfulde a unguwa, Faransanci a coci, inda take cikin mawaƙa. Ta ce a lokacin in ta ɗaga murya har masu moto a titi suna juyowa.

Haihuwa shida ta yi, huɗu suka rayu. Bayan ta biyar ne abin ya fara. In ta yi tari, sai ta ji ɗumi a cinya. In ta sauke tukunyar kunu daga ka, haka. In waƙa ta hau sama, haka. Ta fara yin ƙunzugu da tsofaffin zannuwa, ta rage shan ruwa, ta koma layin baya a coci, daga baya ta ce musu muryarta ce ta dishe. Wata safiya wani ɗan makaranta ya karɓi fankensa ya toshe hanci, ya ce, "Mama, akuya ce ta kwana a zanenki?" 'Yan uwansa suka kwashe da dariya. Kafin mako ya zagayo ta rabu da kaskon suya, ta nemi masu kawo kifin tafkin Mbakaou ta hanyar Tibati, ta kafa tebur a layin 'yan banda.

"Kin gane, ma fille?" ta ce da ni, wato 'yata da Faransanci. "Ba don ina son kifi ba ne. Wanda ya zauna cikin banda, wa zai tambaye shi warin me yake yi?"

Ko Théodore bai sani ba har ya mutu, ko kuma ya sani ya yi shiru, ita ma ba ta da tabbas.

A 1998 mahaifiyarta ta kwanta ciwo a kan dutse. Sau uku ana aiko mata. Tafiyar kuwa yini guda ce a mota, a matse tsakanin maza, mota tana faɗawa rami tana fita, sannan a hau dutse da ƙafa. Sau uku tana aika sabulu da gishiri da kifi, tana cewa mako mai zuwa. Aike na huɗu na rasuwa ne. Ta je jana'iza bayan ta yi kwana biyu ba ta sa ruwa a baki ba, leɓɓanta duk sun tsage. Ƙanwar mahaifiyarta ta dube ta daga sama har ƙasa, ta ce, "Kifinki ya zo, mun gode." Da take ba ni wannan wajen ba ta yi kuka ba. Ta dai daɗe tana jera kifin da yake a jere.

Shekara shida bayan haka ta raka 'yarta Rosine awon jariri a wani ƙaramin asibiti. Akwai wata matashiyar ungozoma, irin waɗanda muke kira saj-fam, sunanta Laetitia, tana yi wa masu jego bayani. Ta ce musu a ƙasan mara akwai tsoka mai tallafe da mafitsara, kamar zariyar wando take, ciki da haihuwa da ɗaukar kaya suna sa ta saki, amma tsoka ce kamar kowace tsoka, in aka motsa ta tana ƙarfi. Masu jego suna ta rufe baki suna dariya. Rosalie na can baya da jariri a hannu, tana saurare. Ta jira kowa ya watse.

"Madam," ta ce, "tsohuwar zariya fa? Wadda ta shekara goma sha biyar a sake?"

Laetitia ta shigar da ita ɗaki, ta duba ta, ta sa aka auna fitsarinta. Ta ce ba irin yoyon da ke zuwa daga yagewa ba ne, wanda sai an yi aiki. Ta ce ba za ta yi mata alkawarin warkewa sarai ba, amma mata da yawa suna samun sauƙi, in za ta ba abin wata uku. Ta koya mata: ki matse ƙasan kamar iska ta taso miki a cikin surukai kina riƙe ta, ki ja sama, ba da cinya ba, ba da ciki ba, kuma kada ki riƙe numfashi. Ki ƙirga biyar, ki saki gaba ɗaya, ki huta. Sau goma. Safe, rana, yamma. In tari ko atishawa za su zo, ko za ki ɗaga kaya, ki riga su matsewa. Ruwa kuma ki sha.

A bayan teburin kifi ta yi ta yi, tana ciniki tana ƙirgawa, ba wanda ya sani. Wata biyu ba ta ga komai ba sai ɗan abin da ba a rasa ba. A na huɗu ta sauke kwandon kifi daga mota ita kaɗai, ta tsaya tana jiran ɗumin nan, bai zo ba. Ta ce ta zauna a kan kwandon tana tunanin mahaifiyarta, har direba ya tambaye ta ko lafiya.

To, a nan ne Hajja ta shigo.

Hajja tana sayar da atamfa da turare a cikin gida, kuma an san ta da kwarjini. Tana da yaya guda ɗaya da ta rage mata a duniya, Adda Asta, wadda aure ya kai Rey Bouba tun suna 'yan mata. A farkon 2008 Adda Asta ta kwanta, ƙafafunta suka kumbura. Shekara huɗu ke nan rabon Hajja da zuwa can. Aka aiko, ta aika turmin atamfa da sukari. Aka sake aikowa, ta aika wani turmin. Dangi suka fara magana, cewa dukiya ta sa Hindu ta yanke zumunci. Babana, Adamu, ya ce zai kai ta har ƙofar ajans, wato tasha, ya sa ta a mota da hannunsa. Ta ce masa gwiwa ce. Kowa kuma ya san in damina ta kankama, mayo-mayo, wato rafuka, suka cika, hanyar Rey sai mai ƙarfin hali, Adda Asta kuwa ba a sa ran za ta ga kaka.

Rosalie ta daɗe tana lura. Kaskon turaren Hajja ba ya mutuwa ko da rana tsaka. Ana zafin Garoua na watan Maris, wanda ko ƙadangare yana neman inuwa, amma in aka miƙo mata ruwa sai ta ce ta sha. In dariya ta kama ta sai ta harɗe ƙafa ta haɗiye ta. A bayan ɗakinta kuma akwai igiyar shanya, da 'yan ƙyallaye a jere an lulluɓe su da babban zane.

Wata Talata ta kawo kifi ta tarar ana ɗaure turmi na uku. Ta zauna a bakin ƙofa kamar mai jiran a zaɓa, har matan gidan suka shiga madafa.

"Jam na, Hajja?" Rosalie ta gaishe ta da Fulfulde.

"Jam. Ajiye uku manya, ki tafi da sauran."

"Hajja, kin san abin da ya sa nake sayar da kifi?"

"Don ki ci abinci, mana. Ko akwai wani dalili?"

Sai Rosalie ta ba ta labarin duka, tun daga ɗan makaranta da akuyarsa har zuwa "kifinki ya zo." Ba ta ce uffan a kan igiyar shanya ba. Ta dai ƙare da cewa, "Ni kifi na aika. Ke atamfa. Naki ya fi tsada, amma shi ma ba ya gaisuwa."

Hajja da kanta ta gaya mini cewa ji ta yi kamar an kware mata zane a kasuwa. Ta ce, "Ke mai kifi! Yaushe muka fara wannan wasan da ke? Ɗauki kwandonki." Rosalie ta ɗauka ta fita. Ranar Alhamis Hajja ta aika a ce wa mai kifi ta kawo na miya, alhali na Talata ko taɓa shi ba a yi ba.

Suka shiga ɗaki suka saki labule. Abin da ya fi cin Hajja, in ji ta, shi ne sunan. Tana tsoron a ce Hajja Hindu tana yoyon fitsari. Ga alwala da take sakewa sau uku kafin ta idar da salla guda, ga shi ba za ta iya buɗe baki ta tambayi malami namiji hukuncin ba. Rosalie ta koya mata abin da Laetitia ta koya mata, zariya da duka. Hajja ta ce carbinta ba na wannan aikin ba ne, don haka aka kawo ƙwallayen tsamiya guda goma don ƙirga.

Sai dai Hajja mace ce mai wuridi. Kafin rana ta fito ta ja dubu. A wurinta abin da goma zai yi, ɗari ya fi shi, ga kuma damina tana matsowa. Da Rosalie ta juya baya sai ta sa aka tara mata ƙwallayen tsamiya cike da kwano. Sakin nan da hutun nan kuwa ta ɗauke su ɓata lokaci. Ta riƙa matsewa tun safe har la'asar. Kafin mako biyu mararta ta ɗaure da ciwo, ɗigar kuma ta fi da, har tashi tsaye kawai yana jiƙa ta. Ta aika cewa daga yau kada mai kifi ta sake taka mata gida.

Ranar Talata Rosalie ta yi sallama ta shigo abinta.

"Ba a gaya miki ba?" in ji Hajja.

"An gaya mini. Kunnen mutumin dutse ba ya jin Hausa sosai. Me ya faru?"

"Kin ƙarasa ni, shi ne ya faru. Da ina ɗiga, yanzu ina zuba."

Idon Rosalie ya faɗa kan kwanon. Ta ɗaga shi ta jijjiga. "Wannan fa? Miya za ki yi da su?"

Hajja ta kau da kai.

"Nawa kike yi a yini?"

"Ɗari biyar. Wata rana bakwai."

"Mon Dieu! Hajja, jakin dako ma ana sauke masa kaya ya sha ruwa!"

"Ba ke kika ce a yi ta yi ba?"

"Na ce kullum, ban ce yini ba! Wannan ba lada ake tarawa ba. Nama ne, gajiya yake yi. Sakin ma aiki ne, ke dai ba ki iya sakin komai ba, shi ya sa ko sisi ba kya rage mini a atamfa."

Dariya ta kubce wa Hajja, abin da take tsoro kuma ya faru nan take a kan tabarma, a gaban baƙuwa. Ta rufe fuska da mayafi. Rosalie ta tashi ta ɗauko buta da tsumma ta goge wurin, tana mita a kan tsadar gawayi kamar ba abin da ya faru. Sannan ta ƙirga ƙwallo goma ta ajiye, ta fito tsakar gida da kwanon ta miƙa mana mu yara. Wannan ranar na tuna ta sarai, don mun yi mako muna wasa da su, ban dai san daga ina suka fito ba.

Rosalie ta ce ita mai kifi ce ba likita ba, dole Hajja ta ga Laetitia. Aka ce wa babana awon tansiyo, wato hawan jini, za a je. Laetitia ta duba ta, ta sa ta huta kwanaki, ta ba ta maganin zafin fitsarin da ƙin shan ruwa ya taimaka wajen jawo mata, sannan aka sake farawa daga goma. Duk Talata Rosalie tana zuwa, ta ajiye kifi, ta tsaya a kan Hajja sai ta shanye moɗa guda a gabanta. A nan ne "Rosalie tukuna" ya samo asali, don Hajja ta riƙa mantawa ta riga atishawa matsewa, sai ta mai da sunan abin tuni.

A farkon Yuni, an yi ruwa biyu ko uku, saƙo ya zo cewa Adda Asta ta daina cin tuwo. Hajja ta sami sauƙi, amma ba ta gama yarda da jikinta ba. Ta ce a ƙara mata wata guda. Rosalie ta ce, "Ni ma mako guda na yi ta nema, har mahaifiyata ta rasu." Ta rufe teburinta na kwana uku, ta zo da 'yar jakarta, ta ce tare za su tafi.

Suka zauna kusa da ƙofar mota. Da kwalta ta ƙare aka shiga jar hanya, duk bayan ɗan lokaci sai Rosalie ta buga jikin mota ta ɗaga muryar nan tata ta coci: "Shofer, tsaya! Tsohuwa ba ta da birki!"

"Haba Mama, kogin Binuwai kika shanye ne?" in ji direba.

"Uwarka ma da ta haife ka haka take, je ka tambaye ta. Tsaya, ko in yi maka a kujera!"

Mota ta ɗauki dariya, direba ya tsaya yana ƙunƙuni. Hajja kuma sai ta sauko a hankali da butarta, tana cewa, "Bari in raka baiwar Allahn nan." Sau huɗu aka yi haka, duk tsiyar a kan Rosalie ta sauka, alhali ita ko sau ɗaya ba ta matsu ba. Sau ɗaya tak abin ya kubce wa Hajja, da mota ta faɗa wani rami ba shiri, shi ma bai wuce ƙunzugu ba.

Da suka isa, Adda Asta tana kwance ta juya fuska bango. Aka ce mata ga Hindu. Ta ce, "Hindu ce, ko atamfa?" Hajja ta sa kowa ya fita, ta zauna a bakin gado ta gaya mata gaskiya, abin da ba ta taɓa gaya wa wani ɗan uwa ba. Adda Asta ta juyo a hankali ta zuba mata ido.

"Wannan ne? Wannan ne ya hana ki zuwa shekara huɗu? Ni da nake fama da shi tun haihuwar autana! Shashasha, da kin faɗa ai da na ce ki zo mu jiƙa tabarma ɗaya."

Suka yi dariya har suka koma kuka. Rosalie na zaune a waje a gindin bishiya tana jin su. Washegari ta hau mota ta dawo wa kifinta. Hajja ta yi kwana goma sha biyu a can, ita ke ba yayarta kunu a baki. Adda Asta ta rasu a watan Agusta, ana tsakiyar ruwa, lokacin da ko labarin sai da ya kwana biyu a hanya.

Hajja ba ta taɓa warkewa sarai ba, in mura ta kama ta sai ta koma wa ƙyallayenta. Amma ta koma zuwa suna da biki, ta koma dariya da baki buɗe, ƙwallayen nan goma kuma a cikin gwangwanin turarenta muka same su bayan ta rasu.

Mama Rosalie tana nan. Gwiwoyinta sun gaji, ba ta iya zagaya gidaje, sai dai a same ta a rumfa. Ta koma cikin mawaƙan coci, ko da yake yanzu muryar ta dishe da gaske. Na tambaye ta me ya sa ba ta bar kifin ba tunda ba ta da abin ɓoyewa. Ta ce, "Ya rufa mini asiri shekara goma sha huɗu, sai in yi masa butulci?"

Ranar da na gama rubuta abin da ta ba ni, na ce ko in sauya mata suna a littafin, saboda 'ya'yanta da jikokinta. Ta kama hannuna da hannunta mai ƙaurin banda, ta ce in bar sunan yadda yake.

"Amma abu ɗaya nake roƙonki, Hafsatu. Ni ƙafata ta daina shiga gidaje, ke kuwa kina shiga. In kika ga mace ana zafin nan an miƙo mata ruwa ta ce ta sha, kada ki matsa mata a gaban mutane. Ki zauna kusa da ita har kowa ya tashi. Kada ki fara da nata. Ki ba ta nawa, duka, har da akuyar. Kuma ki fara da gidanku. Matar kawunki da kuka zo tare ran nan, na ga yadda ta harɗe ƙafa da na ba ta dariya."